Yawon tarihi a Badagry: garin ya biya kuɗinsa, kamfanin da ya kaimu kuwa sai a hankali

Ga wanda bashi da lokacin dogon karatu bari in fara da hukunci: Badagry wuri ne da ya kamata duk ɗan arewan da ke zaune a Legas ko yake zuwa sari ya ware rana guda yaje ya gani da idonsa, amma kada ka biya kuɗin fakej ɗinnan da kamfanonin yawon buɗe ido suke tallatawa a Instagram, sai dai in kai mutum ne da kwata-kwata baka iya shiga motar haya. Wuraren kansu na basu huɗu cikin biyar. Kamfanin da ya ɗauke mu na bashi biyu, shima albarkacin direbansu ne, wani dattijo mai haƙuri da ya san hanya kamar yunwar cikinsa. Bazan kama sunan kamfanin ba don ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma daga abinda naji a bakin wasu kusan duk tafiyarsu ɗaya ce.

Abinda suka rubuta a tallan shine yawon tsofaffin gidaje, lambuna da coci-coci na bakin teku, da mota mai AC zuwa da dawowa, da jagora, da kuɗin shiga ko'ina, da jirgin ruwa, da abincin rana, wai ba zaka sake ciro ko sisi daga aljihunka ba. Ni da uwargida muka biya, sai Kawuna da yazo daga Katsina ganin likitan ido yace shima ba za'a barshi a gida yana kallon silin ba, muka ƙara masa kujera. Sunce mota zata tashi daga Ikeja ƙarfe bakwai na safe, mu kam mun hallara tun kafin lokacin, amma sai da tara ta gota muna zaune ana jiran wasu 'yan mata da suka makara, kuma babu wanda ya buɗe baki yace kuyi haƙuri. Wannan makarar ita ta lalata komai daga baya, domin duk inda muka shiga sai kaji ana tafa hannu ana cewa mu hanzarta lokaci ya ƙure, kamar mu muka cinye shi.

Hanyar wanda ya san Legas ya santa. Daga Mile 2 ka miƙe ta Trade Fair, ka wuce Alaba Rago inda 'yan uwanmu suke da kasuwar dabbobi da kayan gwari, ka wuce jami'ar jihar a Ojo, Okokomaiko, Agbara, sannan ka nufi Badagry. A taswira tafiyar bata kai kilomita 70 ba, amma a Legas ba'a auna tafiya da kilomita, da gosulo ake aunawa. Wani ɓangaren titin an gyara shi yayi kyau sosai, wani ɓangaren kuma sai addu'a, ga shingayen bincike birjik tunda hanyar ce ke fita bodar Seme zuwa Kwatano, kowane ɗan taƙi sai an tsayar da ku an leƙa but. Ka riƙe katin shaidarka a kusa. Garin kansa ba baƙo bane ga 'yan arewa, ma'aikatan gwamnati da yawa sun yi kwas a kwalejin horar da ma'aikata ta ASCON da ke Topo, ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu kuma suna zuwa ƙauyen koyon Faransanci da ke Ajara, amma na tabbata akasarinsu sun gama zamansu sun koma gida basu taɓa leƙa bakin Marina, wato titin bakin ruwan garin, inda duk tarihin yake jibge ba.

Mun fara da gidan tarihin Heritage, ginin 1863 ne, shekarar da Ingila ta karɓe garin, kuma ofishin Di'o ne a da. Bene ne mai dogon baranda yana kallon ruwa, iskar da ke kaɗawa a wajen kaɗai ta isa ka zauna ka manta da wahalar hanya. A ciki ɗakuna ne a jere, kowanne da zangon labarin da yake bayarwa, tun daga yadda ake kamo mutane, yadda ake jera su a cikin jirgi, aikin gonakin rake a can ƙetare, har zuwa lokacin da aka hana cinikin. Yawanci hotuna ne da zane da rubutu a bango, duk da Turanci, don haka uwargida na bina ina fassara mata a gurguje. Wuri ne mai kyau na buɗe ido kafin kaje sauran, in da an barmu mun karanta. Jagoran da kamfani ya haɗo mu dashi daga Ikeja, wani saurayi mai fara'a amma da ganinsa kasan haddace bayanin yayi daga waya, shi ya riƙa janmu daga ɗaki zuwa ɗaki alhali ma'aikacin gidan na tsaye a gefe kuma shi ya fishi sanin komai.

Daga nan aka taka da ƙafa zuwa wurin da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, gidan da aka rubuta wa ɓaro-ɓaro a goshi cewa shine bene na farko a Najeriya. 'Yan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, suka gina shi ƙarƙashin wani fasto Bajamushe mai suna Gollmer, aka kammala a 1845. Farin gini ne ɗan madaidaici, rufin kwano, tagogi da matattakalar katako, in ka taka saman kana jin katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafarka har ka fara lissafin nauyinka. Gaskiya gidan yana da daɗin kallo kuma an kula dashi, daga tagar sama kana hango ruwa da bishiyoyin kwakwa na tsallake.

To anan ne Kawu ya tsaya. Tunda aka fara yana shiru yana jan carbinsa, da na fassara masa abinda aka rubuta sai ya cire tabarau ya kalle ni yace, "Kai ɗan nan, tambaye shi, shekara nawa yace?" Nace Kawu 1845 yace. Yace, "To ka faɗa masa in ya samu hutu yazo Katsina in kaishi Gobarau ya hau, in ya kai sama ya huta sai ya sake faɗa min wannan maganar." Na fassara wa jagora a hankali cikin ladabi, yaron yayi dariya yace ai Baba wancan ginin ƙasa ne, wannan kuwa bene ne na gaske. Kawu yace ashe bene sai Bature ya aza masa kwano yake zama bene. Duk 'yan motar suka fashe da dariya, wata mata ma ta ciro waya tana neman hoton Gobarau, da ta gani tace kai ashe haka ne.

Kuma Kawu yana da gaskiya, ba zancen son kai bane. Hasumiyar Gobarau ta girmi wannan gidan da ɗaruruwan shekaru, ta masallacin Agadas ma haka, Gidan Rumfa a Kano tun ƙarni na 15 yake tsaye, kuma Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824, shekara ashirin da ɗaya kafin a gama gidan Badagry, da hannunsa ya rubuta cewa ya ga benaye masu hawa uku zuwa huɗu a gidan sarki. Maginanmu da tubali da azara da makuba suke ɗora soro kan soro tun kafin wani ɗan mishan ya san hanyar nan. Da sun rubuta cewa shine bene na farko irin ginin Turawa da babu mai ja dasu, kuma darajar gidan bazata ragu da komai ba. Wannan cutar ta "na farko" ita ce babbar matsalar bayanin da ake yi a garin gaba ɗaya, makaranta ta farko, rijiya ta farko, Kirsimeti na farko, kaza na farko, har abin ya zama kamar gasa, ainihin labarin da yafi daɗi kuma a barshi a baya.

Misali a saman benen akwai ɗakin Samuel Ajayi Crowther, da tsofaffin littattafan Baibul guda biyu a cikin gilashi, na Turanci da na Yarbanci. Jagora yace anan ya zauna ya fassara Baibul gaba ɗaya, shikenan a wuce. Alhali Crowther ya sauka Badagry a farkon 1845 ne, 1846 ya wuce Abeokuta, cikakken Baibul na Yarbanci kuwa sai a shekarun 1880 aka kammala shi kuma ba shi kaɗai yayi aikin ba. Amma labarin mutumin kansa fa? Yaro ne da aka kama a harin bayi a 1821, aka saka shi a jirgin 'yan Fotugal, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka sauke shi a Saliyo, yayi karatu, ya dawo, har ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika a 1864, yayi ta zirga-zirga a kogin Kwara tsakanin Lokoja da Bida yana zama da sarakunan Nupe. Wato mutumin da aka fitar ta bakin teku a ɗaure shine ya dawo ya kwana a wannan ɗakin, a garin da ake kan cinikin bayi a lokacin. Wannan ai yafi "na farko" nauyi. A tsakar gidan akwai tsohuwar rijiya da suke cewa bata taɓa ƙafewa ba kuma ruwanta ba gishiri duk da kusancinta da teku, wasu na ɗiba a gora don neman tabarruki, mu dai mun wanke fuska saboda zafi muka yi gaba.

Ɓangaren coci shine wanda uwargida tayi ta ɗari-ɗari dashi tun a gida, amma a ƙarshe babu wani abin damuwa, kallon gini ne da jin tarihi, ba wanda ya ce maka kayi wani abu. An kaimu inda bishiyar Agia take a da, kusa da babban ɗakin taron gari. A ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman na cocin Methodist yayi wa'azi ranar 24 ga Satumba 1842, a watan Disamba na shekarar kuma shi da Henry Townsend na Angilika suka yi bikin Kirsimeti a wurin. Bishiyar guguwa ta kayar da ita a 1959, yanzu wani dogon ginshiƙin siminti ne a madadinta, don haka kada kaje kana neman inuwa. Shi Freeman ɗin ma labarinsa abin ji ne, ubansa baƙar fata uwarsa Baturiyar Ingila, kuma kafin ya shiga aikin mishan mai kula da lambu ne a gidan wani attajiri kusa da Ipswich, daga Gwalkwas wato Ghana ta yanzu ya ɓullo Badagry, kuma ya riga yaje Kumasi wajen sarkin Asante tun 1839. Cocin Methodist da ke ɗauke da sunansa da cocin St Thomas na Angilika duk suna nan kusa, amma gine-ginen da zaka gani yanzu ba na wancan zamanin bane, an sake su an faɗaɗa, don haka mai neman tsohon gini zaiji kamar an rage masa wani abu. Ɗaya mun same shi a kulle, ɗayan kuma ana gwajin waƙa a ciki, wata dattijuwa mai shara ta ganmu a bakin ƙofa tace mu shigo mana, ta kalli uwargida da hijabinta tace Alhaja sannu da zuwa, har kujera ta jawo wa Kawu. Wannan karamcin ba'a cikin fakej yake ba. Akwai kuma maƙabartar 'yan mishan na farko, wadda ta tagar mota kawai aka nuna mana ita da yatsa.

Lambuna kuwa, to, anan ne tallan yayi ƙarya ƙarara. Babu wani lambu da aka kaimu. Abinda suka kira lambu ashe filin bakin Marina ne mai 'yan kujerun siminti da furanni jefi-jefi, sai harabar gidan mishan. In kana tunanin irin lambun da ake shiga a ga layin furanni an rubuta sunan kowace bishiya to ka cire rai. Abinda Badagry take dashi na shuka shine kwakwa, ita kam ko'ina ka juya, kuma tana da tarihinta, domin 'yan mishan na Katolika sun kafa babbar gonar kwakwa a Topo tun 1876 inda suke haɗa noma da makaranta, wanda da kamfanin ya san aikinsa nan ya kamata ya kaimu in har lambu yake son nunawa. Da na tambayi jagora zancen Topo sai yace ba ya cikin tsarin yau. Na nuna masa tallan a waya, yace shi ba shi ya rubuta ba.

Wurin da ya tsaya min a rai shine gidan Seriki Williams Abass, wanda suke kira barakun ɗin Brazil, wato gidan tsare bayi kafin a saka su a jirgi, a bakin Marina shima. Daga waje gida ne kamar kowane tsohon gida, ka shiga ta ƙofa mai zane a sama sai ga tsakar gida, yara na wasa, an shanya kaya a igiya, wata mata na soya kifi a murhu, domin jikokinsa suna zaune a ciki har yanzu, ɗakunan da aka tsare bayi su ne ɗakunan kwanansu, guda biyu kawai aka bari yadda suke don masu zuwa kallo. Anan ɗan gidan ne ya karɓi bayani, jagoranmu ya koma gefe yana danna waya, kuma nan take ka ga bambanci. Mutumin yace ɗakuna 40 ne, kowanne ana cusa mutum 40 a ciki suna jiran jirgi, wani lokacin har wata uku. Ya shigar damu ɗaya, mu goma sha wani abu, ya jawo ƙofa. Ɗakin bai wuce taku uku a tsaye uku a kwance ba, wata 'yar kafa ce can sama kusa da rufi wadda ko kan yaro bazai shiga ba, ita ce taga ita ce fanka. Kafin minti ɗaya gumi ya jiƙa min riga, ina jin numfashin na kusa dani a wuyana, wata yarinya ta fara cewa a buɗe a buɗe. Kawu da baya rasa magana ko tari baiyi ba, da muka fito naji yana ta maimaita innalillahi a hankali.

Shi mai gidan asalinsa Bayarabe ne daga yankin Yewa, an kama shi yana yaro, ya zama bawan wani Musulmi mai suna Abass, aka sayar dashi ga wani Williams da ya tafi dashi Brazil ya koya masa karatu, sunayen iyayengijinsa biyu kenan yake ɗauke dasu. Ya dawo ya shiga cinikin da aka yi dashi, yayi dukiya, ya zama shugaban Musulmin garin, Turawa suka bashi mulki, ya rasu a 1919, kabarinsa na nan cikin gidan. Sunce matansa 128 'ya'ya 144, uwargida ta kalle ni ta gefen ido tace to Alhaji kaji masu zuciya. An nuna mana rigunansa, da tangaran, da wata ƙatuwar laima mai nauyin tsiya da suka ce mutum 40 aka bayar aka karɓo ta, igwa kuma mutum 100, kwalbar barasa mutum 10. Abu ɗaya da na lura, ana cewa ginin na shekarun 1840 ne, mutumin da ya rasu 1919 kuwa a lokacin yaro ne ƙarami, don haka maganar cewa fataken Brazil ne suka gina daga baya gidan ya dawo hannunsa tafi shiga hankali akan cewa shi ya gina. Kuma ba daɗi kaji Musulmi ne mai wannan gidan, amma ba abin ɓoyewa bane, mu ma kasuwanninmu na arewa an sayar da mutane a cikinsu kuma kowa ya san haka.

Gidan tarihin iyalan Mobee ɗan ƙarami ne, ɗaki ɗaya ne kusan, amma kayan ciki na ainihi ne: sarƙar wuya, mari, sasari, wani ƙaramin mari na yara, ƙarfen da ake huda leɓe a datse bakin mutum, da wani babban kaskon ƙarfe da ake zuba ruwa su sunkuya su sha hannuwa a ɗaure. Suna bari ka ɗora sarƙar a wuyanka. Na gwada, sanyin ƙarfen da nauyinsa suka danne min kafaɗa har sai da na ranƙwafa, kuma wai da ita ake tafiyar kwanaki. Abinda bai min daɗi ba shine yadda wasu 'yan motarmu suka mayar da abin wasa, ana saka sarƙa ana murmushi ana selfi.

A kasuwar bayi ta Vlekete yanzu an gina sabon gidan tarihi, jagora ya ambaci cewa anan aka yiwa wani Bature shari'a aka bashi guba ya sha bai mutu ba, ya wuce. Baturen nan Richard Lander ne, kuma daga ina yake dawowa? Daga Sakkwato. Shi da maigidansa Clapperton daga nan Badagry suka tashi a Disambar 1825, suka bi ta ƙasar Oyo, Busa, Zariya, Kano, har wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Clapperton ya rasu a can a Afrilun 1827, Lander ya juyo shi da takardun maigidansa, da ya iso Badagry fataken bayi 'yan Fotugal suka zuga sarakunan gari cewa ɗan leƙen asiri ne, shine aka bashi gubar rantsuwa, ya shanye ya koma masauki yayi amai ya tsira. Kuma tafintansu a wannan tafiyar Bahaushe ne, Abubakar mutumin Gobir wanda Turawa ke kira Pasko, shima bauta ce ta fitar dashi teku, jirgin Ingila ya ƙwato shi, yayi aikin jirgin ruwa, sannan ya dawo ya raka su har ƙasar haihuwarsa. A 1830 Lander ya sake sauka a Badagry da ƙaninsa, suka je Yawuri suka biyo Kwara har inda ta faɗa teku. Duk wannan babu ko kalma ɗaya a bakin jagora, ni na riƙa ba Kawu labarin a bayan layi, har wasu mutum biyu suka matso suna cewa in maimaita musu da Turanci.

Ƙarshen yawon shine tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu. Jirgin ɗan kwale-kwale ne mai inji, tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a nan na yaba domin kowa sai da aka bashi rigar ruwa kafin a tashi, duk da wasu igiyoyinsu sun tsinke. Sai dai a bakin jirgin ne aka ce kowa ya kawo ƙarin kuɗi wai mai ya tashi, bayan an ce mana komai na cikin fakej, aka yi ta cacar baki, a ƙarshe muka biya don rana tana yi. Daga inda aka sauke mu tafiyar ƙafa ce cikin yashi kamar minti ashirin da wani abu, rana tsaka, babu inuwar kirki. Akwai 'yan acaɓa, mun ɗora Kawu akan ɗaya, mu muka taka. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da suke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don an yi mata asiri su manta gida, babu mai sha yanzu. Kana cikin tafiya tun baka ga teku ba zaka fara jin rurinsa, sannan ka ɓullo ta cikin kwakwa sai gashi a gabanka ba iyaka, wurin da suke kira Point of No Return, wato inda in an wuce ba dawowa, inda ƙananan jirage ke kwasar mutane zuwa manyan da ke jira a can ciki.

A wurin ma bayanin ya tsaya ne akan Yarbawa da Egun, ƙabilar yankin Badagry, alhali cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓar, Badagry da Ikko da Porto-Novo da Wida na Jamhuriyar Benin ta yanzu, akwai Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen jihadi, kuma akasarinsu Bahia ta Brazil aka kaisu. Har suna suka yi a can wajen tawaye, an bankaɗo shirin Hausawa a 1807, sun tashi a 1814, sannan a Janairun 1835 cikin watan azumi Musulmin birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu masu rubutun Larabci a wuya. Ingila ta haramta cinikin tun 1807 amma sarakunan Badagry sai 1852 suka sa hannu, Brazil kuwa bata 'yanta bayinta ba sai 1888. Wato mai yiwuwa wani daga Zazzau ko Gobir ko Katsina ya taka wannan yashin da muka taka. Bance jagora ya zama farfesa ba, amma wanda yake karɓar kuɗin mutane da sunan tarihi ya kamata ya san wannan.

Abincin rana sai wajen ƙarfe huɗu aka raba, jalof ce a roba da ɗan kaza guda ta riga ta huce tun Ikeja, ga ruwan leda ɗaya. A garin da kifi ke fitowa daga ruwa a gabanka! Mun bar ta muka sayi gasasshen kifi da yaji wajen wata mata a bakin ruwa, da ɗanyar kwakwa da aka fasa mana nan take muka sha ruwan muka kankare cikin, kuɗin bai taka kara ya karya ba kuma shine abinci mafi daɗi da naci a ranar. Zancen sallah kuma babu shi a lissafinsu ko kaɗan, sai da nace ni fa bazan shiga mota ba sai nayi azahar da la'asar, direban nan ne ya goya min baya ya nuna mana masallaci a bayan layi, yace Alhaji kuje ku dawo ina nan ba inda zani. Banɗaki ma matsala ne musamman ga mata, a tsibirin babu wani na kirki, uwargida sai da ta daure har muka dawo cikin gari.

In zan sake zuwa, kuma zan koma da yara in Allah ya yarda, ga yadda zanyi. Mota daga Mile 2 da sassafe bayan asuba a ranar aiki ba Asabar ba, ko kuma jirgin ruwa in akwai mai tashi, a sauka shataletalen Badagry a hau keke zuwa Marina. Kusan duk wuraren nan a kusa da juna suke, da ƙafa ma zaka zagaye su, kowanne yana da kuɗin shigarsa kuma yana da nasa mai bayanin ɗan gari, kai dai ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji saboda tiransfa tana bada wahala kuma kowane mai bayani yana sa ran ɗan ihsani a ƙarshe, ka kuma yi cinikin jirgi zuwa da dawowa tun kafin ka saka ƙafa a ciki. Tsibirin a fara dashi da safe kafin rana ta buɗe, da hula da ruwan sha da takalmin da baka tausayinsa, kada a sake a shiga tekun wanka domin igiyar ruwan wajen bata da wasa. Mai son coci ya tambayi lokacin da suke buɗe tun kafin ya taso. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya haƙura da hawa benen, matattakalar a tsaye take, kuma yaro ƙasa da shekara goma ni dai bazan shigar dashi ɗakin barakun a rufe ƙofa ba. In lokaci ya rage a leƙa kasuwar Agbalata a sayi kwakwa da man kwakwa na tsaraba, sannan a kama hanya kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba gosulon Agbara zuwa Okokomaiko zai riƙe ka har bayan isha'i kamar yadda ya riƙe mu.